Notin rigar ɗaukar kyamara ya ci haƙora, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu ɗaukar hoto. Ina da rigar Steadicam, wato rigar da ake maƙala wa hannun ƙarfe mai riƙe kyamara don kada hoto ya girgiza, na saye ta ta hannu, kuma da ita nake aikin biki da ɗaukar fim a nan Kano. Matsalar tana wajen ƙarfen da ake maƙala hannun kyamara a kan rigar. Ɗaya daga cikin notikan da ke riƙe shi ya daina kamawa, sai dai ya yi ta juyawa.

Laifina ne kuma. Da notin asali ya ɓace, na je kasuwa na sayo noti M6, wato mai kaurin milimita 6, na ɗaura da ƙarfi. Ashe na asalin ma'aunin inci ne irin na Amurka, 1/4-20, kaurinsa milimita 6.35, tazarar haƙoransa kuma 1.27, shi kuwa M6 tazararsa milimita 1 ce. Ramin na alminiyam ne, nan take haƙoran suka gwigwiye. Na zuba Loctite shuɗi, wato gam ɗin da ke hana noti kwancewa, bai yi kwana biyu ba ya sake sakin jiki. Wani mai walda ya ce ya liƙe shi gaba ɗaya, na ƙi, don zafi zai ƙona ƙyallen rigar, kuma ba zan ƙara iya daidaita tsayinta ba.

To, wa ya taɓa sa Helicoil, wato naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe da ke maye gurbin haƙoran da suka lalace, a irin wannan rami? Zai jure nauyin kyamara da hannun, wajen kilo 10, ana tafiya ana juyawa? Ko gara a faɗaɗa ramin a yanka sabbin haƙora na noti M8 mai kaurin milimita 8? Naman ƙarfen da ke gefen ramin siriri ne, abin da ke ba ni tsoro ke nan. Ina da aikin ɗaurin aure ranar Asabar.