Me za mu kira "suite" ta fim da Hausa?

1. 'Yan uwa, ku zo mu tsai da kalma guda. A nan Yamai, in fim ya samu wani da ya biyo bayansa, sai ka ji yaro ya ce "la suite ta fito". Masu Turanci kuma "sequel" suke cewa. Mu fa?

2. Misalin da ke hannuna finafinai biyu ne na Disney da iyali ke kallo tare: The Muppets na 2011 da Muppets Most Wanted na 2014. James Bobin ne ya ba da umarnin dukansu. Taurarin ɗiyan dabo ne, ana sa musu hannu a yi musu murya. Wannan sunan gado muka yi, don haka kada a ce musu 'yan tsana. 'Yar tsana ba ta magana.

3. Wasu sun ce "kashi na biyu". Ban yarda ba. Kashi na biyu a Kannywood labari ɗaya ne aka yanke a tsakiya, wanda bai ga na ɗaya ba ba zai gane komai ba. "Ci gaba" ma matsalarsa ke nan.

4. Waɗannan kuwa kowanne da labarinsa. A na 2011, Kermit, koren kwaɗon nan, ya tattaro abokansa da suka watse don su ceci tsohon gidan wasansu daga wani attajirin man fetur. Labarin ya ƙare tsaf, waƙarsa guda har ta ci Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka, a 2012. A na 2014, wani kwaɗo ɓarawo, Constantine, mai kama da Kermit in ban da tawadar Allah a fuska, ya maye gurbinsa. Aka jefa Kermit kurkuku a Siberiya, ɓarawon na yawo da tawagar a Turai yana fakewa da wasansu yana sata.

5. Kalmar da nake bayarwa ita ce "mabiyi". Mabiyinka shi ne wanda aka haifa daga kai sai shi: jininku ɗaya, kuna kama, amma halinsa nasa ne. Fim na farko kuma sai mu ce masa "wa".

6. Da ita hukunci ma ya fi zama a baki. Mabiyin ya fi barkwanci da sauri, amma bai kai wansa taɓa zuciya ba. Jason Segel, da ya fito a na farko kuma yana cikin marubutansa, ba ya ciki, kuma an ji rashinsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yawancin abokan Kermit sun daɗe ba su gane an musanya shi ba, bayan duk zumuncin da wan ya gina. Kuɗin da mabiyin ya kawo ma kusan rabin na wansa ne.

7. Wata 'yar uwa ta ce "mabiya" zai rikice da mabiyan Facebook. Gaskiyarki, Hajiya, amma in aka ce "mabiyin fim ɗin ya fito" ba mai ruɗewa. Mutanen Tawa da Maraɗi da Damagaram, haka kuke kiran ƙanen da ke bin mutum, ko kuna da wata kalmar?