Maigidana ya tafi aiki Borno, yaro ya kasa sabawa

Maman Sadik: Assalamu alaikum. Yau kwana 9 ke nan da aka tura maigidana Borno cikin rundunar sojoji ta Haɗin Kai, ya bar mu a nan Katsina, kuma kwanaki ke nan ba mu same shi a waya ba. Ɗanmu mai shekara 4 ya daina cin tuwon dare, kuma kullum bayan magariba sai ya ɗauko tsohon takalmin babansa ya ajiye a bakin ƙofa. Don Allah, me zan faɗa masa?

Hajiya Babba: Wa'alaikumus salam, 'yata. Ki gaya masa gaskiya daidai hankalinsa, cewa Baba ya tafi aiki mai nisa, amma kada ki yanka masa ranar dawowa, domin yaro ba ya manta alkawari, kuma ranar ba a hannun mijinki take ba. Takalmin kuwa ki ƙyale shi, da shi yake rage kewa. Idan a barikin Natsinta kuke, ki kusanci magajiya, wato shugabar matan bariki, ita ta san matan da suka riga ki shiga wannan hali.

Tsohon Saje: Malama, shirun waya na kwanaki ba alamar sharri ba ne, domin ƙauyukan can da dama ba su da sabis. Sai dai ina roƙonki kada ki sanya hoton maigidanki ko inda yake a Facebook.

Maman Sadik: Na gode ƙwarai. Ɗazu ya turo saƙon murya, Sadik ya saurara sau 5 kafin barci ya ɗauke shi.