Gun control da Hausa: hana, sarrafa, taƙaita ko ƙayyade?

1/ Jama'a, musamman masu fassara labaran duniya, ku matso mu yi wa kalmar nan matsaya. Duk sa'ad da aka yi harbin kan mai uwa da wabi a Amurka, "gun control" sai ta dawo bakin 'yan siyasarsu, mu kuma kowa ya juya ta yadda ya ga dama. A yini ɗaya za ka ji wani ya ce "dokar hana mallakar bindiga", wani ya rubuta "sarrafa bindiga", wani kuma "taƙaita mallakar bindiga". Mai sauraro ya kwana da labari uku, alhali abu ɗaya ne ya faru.

2/ Mu fara sallamar "sarrafa", don ba ta da hujja. Wanda ya iya sarrafa bindiga shi ne wanda ya iya kwance ta, ya haɗa, ya saita, ya harba. Maƙeri ma sarrafa ƙarfe yake yi ya fitar da harba-ka-ruga. Ga shi kuma mun riga mun ba kalmar aiki a "bindiga mai sarrafa kanta". Ka ce wa dattijo a majalisa shugaban Amurka ya sa hannu kan dokar sarrafa bindiga, sai ya ɗauka makarantar koyon harbi za a buɗe.

3/ "Hana" ta fi haɗari, domin tana da daɗin faɗa kuma tana cika kanun labari. Matsalarta ita ce tana faɗin abin da gwamnatin Amurka ba ta da ikon yi. Gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1791 jimla ɗaya ce tak, ma'anarta kusan haka: tunda rundunar jama'a mai kyakkyawan tsari wajibi ce ga tsaron ƙasa mai 'yanci, ba za a tauye haƙƙin mutane na mallaka da ɗaukar makamai ba. An daɗe ana jayayya: haƙƙin rundunar ne, ko na kowane mutum a karan kansa? A 2008, a shari'ar Heller, Kotun Ƙoli ta yanke da rinjayen alƙalai 5 kan 4 cewa na mutum ne, ta rushe dokar birnin Washington da ta haramta ajiye ƙaramar bindiga a gida. A 2010, a shari'ar McDonald da birnin Chicago, ta ce hukuncin ya hau kan jihohi da birane ma. To ƙasar da kotunta ta toshe ƙofar hani, yaya za mu ce "hana" ake muhawara a kai?

Akwai kuma wani abu. Zargin da NRA, babbar ƙungiyar masu kare haƙƙin riƙe bindiga a Amurka, da magoya bayanta suka saba yi wa abokan hamayyarsu shi ne so suke su ƙwace wa mutane bindigoginsu. Mai fassarar da ya rubuta "hana" ya ɗauki zargin ɓangare ɗaya ya mai da shi labari, bai ma sani ba.

4/ Mu duba abin da dokokin da ake kira da wannan suna suka yi a zahiri, sai kalmar ta fito da kanta.

Dokar 1934 ta ɗora harajin dala 200 da tilascin rajista kan bindigogi masu sarrafa kansu. Ta 1968, wadda aka yi bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy, ta lissafa waɗanda ba za a sayar wa ba, kamar wanda aka taɓa samu da babban laifi. Dokar Brady ta 1993, mai sunan kakakin Shugaba Reagan da aka harba a 1981, ta kawo binciken tarihin mai saye: ka shiga shago mai lasisi, ka cike takarda, ka nuna katin shaida, mai shago ya tura sunanka a duba, in babu komai a kanka ka biya ka ɗauki kayanka. A 1994 an haramta wasu nau'o'in bindigogi masu kama da na soja, da gidan harsashi mai cin fiye da 10, amma da wa'adin shekara goma. 2004 na yi dokar ta mutu, majalisa ba ta sabunta ba.

Bayan an kashe yara 20 da manya 6 a makarantar Sandy Hook a Disambar 2012, abin da aka nema a Majalisar Dattawa shi ne a faɗaɗa wancan binciken ya kai ga baje kolin bindigogi da cinikin intanet. Ƙuri'a 54 ya samu, ana bukatar 60, ya faɗi. Sai da aka sake kashe yara 19 da malamai 2 a Uvalde ta jihar Texas a Mayun 2022 sannan aka samu doka, babban abin da ke cikinta kuwa ƙarin bincike ne kan mai saye da bai kai shekara 21 ba.

Ku lura da tambayoyin da duk suke amsawa: wa zai riƙe, wace iri, harsashi nawa, bayan wane bincike.

5/ Ba cewa nake a jefar da "hana" gaba ɗaya ba. Bayan harbin makarantar Dunblane a 1996, Birtaniya ta haramta wa farar hula kusan dukkan ƙananan bindigogi a 1997. Ostareliya, bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a shekarar ta 1996, ta haramta wasu nau'o'i, ta sayi bindigogi wajen 650,000 daga hannun jama'a ta lalata. A nan "haramta" ta zauna daram. Amma wannan reshe ɗaya ne, ba za a kira dukan bishiyar da sunansa ba.

6/ Saura biyu, kuma a nan ne gardamar gaskiya take. "Taƙaita" ita ce ta fi yawo a kafafen labarai, kuma ba na ganin laifin mai amfani da ita. Inda na rabu da ita shi ne tana ɗauke da ragi: ka taƙaita magana, ka taƙaita zirga-zirga, abu ya koma kaɗan. Dokar Brady ba ta rage wa mai tsabtataccen tarihi ko bindiga ɗaya ba. Yana iya tara goma a ɗakinsa. Cibiyar Small Arms Survey ta ƙiyasta a 2018 cewa farar hula a Amurka na riƙe da bindigogi kimanin miliyan 393, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. Yawancin wannan an tara shi ne irin dokokin nan suna aiki.

7/ Ni "ƙayyade" na zaɓa: ƙayyade mallakar bindiga. In hukuma ta ƙayyade farashin man fetur, ba ta hana sayarwa ba, ba lallai ta rage ba, ta dai ce ga iyaka. In an ƙayyade shekarun tsayawa takara, haka nan. Kalmar tana ɗaukar mai tsanani da mai sauƙi, sai ka ƙara mata "tsaurara" ko "sassauta" gwargwadon labarin: 'yan Democrat na son a tsaurara dokokin ƙayyade mallakar bindiga, wata jiha ta sassauta nata.

Wata malama da muka yi zancen da ita ta kawo suka mai nauyi. Ta ce kunnen Bahaushe ya riga ya ɓaci da kalmar tun zamanin "ƙayyade iyali", har sai da ma'aikatan lafiya suka koma cewa "tazarar haihuwa". Gaskiya ta faɗa, amma ƙyamar ta iyali ce, ba ta fi'ilin ba. Ban taɓa jin wanda ya tsargu da "ƙayyade kuɗin sadaki" ko "ƙayyade gudun mota" ba.

8/ Kada kuma a haɗa ta da "daƙile yaɗuwar makamai". Wannan zancen makaman fasa-ƙwauri ne, irin na hannun 'yan bindigar daji. Namu zancen na bindigar da doka ta san da zamanta ne. Misali a gida: a Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta ce mutane su nemi lasisin riƙe bindiga don kare kai, hedkwatar tsaro ta ce gwamna ba shi da wannan hurumi, saboda dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta bar ikon ba da lasisi a hannun shugaban ƙasa da 'yan sanda. Wancan saɓani a kan ƙayyadewa ne, ba daƙilewa ba. Abin mamaki, a cikin makon ne Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Bruen, da rinjayen 6 kan 3, ta soke sharaɗin jihar New York na cewa sai mutum ya nuna dalili na musamman kafin a ba shi izinin fita da ƙaramar bindiga.

9/ Ɗaya ɓangaren fa, masu "gun rights"? Ina ganin "masu kare haƙƙin riƙe bindiga". Na fifita "haƙƙi" kan "'yanci" don su da kansu ba sa cewa alfarma aka yi musu, cewa suke abu ne nasu da gwamnati ba ta isa ta taɓa ba, kuma a Hausa haƙƙi ne ake tauyewa ko a danne. "Riƙe" kuwa ta haɗe mana ajiyewa a gida da fita da ita waje, abubuwa biyun da Heller da Bruen suka yi hukunci a kansu ɗaya bayan ɗaya.

10/ Wadda ta rage mini ita ce "militia" ta cikin gyaran na 1791. Na sa "rundunar jama'a" a sama da gangan. In na ce "'yan sa-kai", mutumin Gusau ko Birnin Gwari zai hango wasu mutane daban da waɗanda ake nufi, domin a Amurkar wancan zamani doka ce ta wajabta wa maza masu jini a jika shiga rundunar, kowa ya zo da bindigarsa. Wanda aka tilasta wa kuwa ba a ce ya sa kai. Masu Hausar Damagaram da Maraɗi, ku da kuke jin "milice" a Faransanci, me kuke ce mata?