"Dos" da Hausa: ni dai na tsaya a kan "zubi"

1/ Ƙannena ɗaliban jinya na Zariya, da ku malamanmu na Hausa, akwai kalmar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: dos, wato "dose" ta Turanci da ake faɗa a kan magani. Daga Samaru har Ƙofar Doka kowa na faɗinta, amma abin da mai kemis ke nufi da ita daban, abin da muke nufi a bakin gadon mara lafiya daban.

2/ A wani asibiti nan cikin gari ina tsaye bayan wata ɗaliba tana sallamar uwa da ta kawo ɗanta da zazzaɓin cizon sauro. Yaron kilo 18 ne, an rubuta masa Coartem. Ɗalibar ta ce, "Mama, ki ba shi dos ɗaya yanzu, na biyu bayan awa takwas." Matar ta juya katin maganin a tafin hannunta, ta bi ƙwayoyin da ɗan yatsa, guda 12, sannan ta ɗago ta ce, "To 'yar nan, na biyun a ina zan samo? Ai wannan dos ɗaya ne."

Gabana ya faɗi. A kemis ɗin unguwarsu idan ta ce a ba ta dos ɗaya, katin gaba ɗaya ake miƙo mata. Mu kuma ƙwaya 2 muke nufi, sau 6, cikin kwana 3. Da kunya ta hana ta tambaya, da ta je gida ta dama duka goma sha biyun ta ɗura wa yaro. Ɗalibar ba ta yi kuskure ba, uwar ma haka. Kalmar ce mai baki biyu.

3/ A ilimin magunguna dos shi ne abin da ake bayarwa a karo guda, aunanne, a lokacin da aka yanka. Farasitamol da muka raina: babba miligiram 500 zuwa 1000 a karo ɗaya, awa 4 zuwa 6 tsakani, kada ya haura giram 4 cikin awa 24, in ya haura hanta ce ke biya. Yaro kuwa da nauyinsa ake lissafi, miligiram 15 a kowane kilo. Allurar jentamaisin, ta kashe ƙwayoyin cuta, in aka zarce, ƙoda da ji ne ke tafiya. Saboda haka kalmar da muke nema dole ta riƙe abu uku a ciki: nawa, yaushe, da cewa za a sake.

4/ Na gwada "awo". Ta yi kyau a takarda, amma a asibiti masu juna biyu sun riga sun mallake ta, ka ce wa mace "awo na biyu" sai ta fara lissafin watanni. "Kashi" a ɗakin jinya wata ma'ana take ɗauka. "Adadi" ta faɗi nawa, ta yi shiru a kan yaushe. "Sha" ta bar allura da ɗigon ido da ƙarin ruwa a waje.

5/ Sai wata ranar kasuwa a Sabon Gari na ji uwar adashi tana ce wa mai sayar da daddawa, "Hajiya, zubin yau fa." Nan take na tsaya. Zubi kuɗi ne sananne, ba ƙari ba ragi, a rana sananniya, kuma kowa ya san ba sau ɗaya ake yi ba, sai an zagaye. Babu matar da za ta rikita zubi da adashin gaba ɗaya. Abin da na rasa a "dos" ke nan.

Don haka ga shawarata. Abin da ake bayarwa karo guda, zubi. Maganin duka daga farko har ƙarshe, zagaye. Da ɗalibar nan ta ce, "Mama, zagayen maganin nan zubi shida ne, kowane zubi ƙwaya biyu, ga na farko, ki haɗa masa da madara ko abinci mai maiƙo," da babu sauran tambaya. Wanda ya sha fiye da ƙima ya zarce zubi. Wanda ya ji sauƙi ya ajiye maganin kashe ƙwayoyin cuta a kwana na biyu ya yanke zagaye, kuma shi ne ke koya wa cuta taurin kai.

6/ Wani malamina ya ja ni, kuma yana da gaskiya. Ya ce, "'Yata, a adashi wanda ya tsallake zubi ninki yake biya." Wannan rami ne na gaske, ban ɓoye ba. Mai ciwon suga ya manta insulin ya ninka daga baya, suga na iya faɗuwa har ya suma. Duk wanda zai ɗauki kalmar nan sai ya ɗauke ta da jelarta: zubin magani ba a biyan bashinsa. In an tsallake, a tambayi ma'aikacin lafiya, kada a haɗa biyu.

Wata kuma ta ce zubi na abu mai ruwa ne. Kuɗin adashi ai ba ruwa ba ne.

7/ A takardar mara lafiya miligiram da mililita suna nan daram, kada wanda ya taɓa su. Zubi ta baki ce, tsakaninku da mai jinya. In maganin ruwa ne ku nuna layin mililita 5 a jikin murfi ko sirinji, domin cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Sannan ku ce ta maimaita muku abin da ta ji kafin ta ɗaura maganin a bakin zane.

8/ Saura ɗaya da ban warware ba. Mai juna biyu da jijjiga ta kama ana fara mata magniziyam salfet da giram 14, daga nan giram 5 duk awa 4. Wannan babban na farko me za mu ce masa? Na rubuta "zubin buɗe hanya" na soke, na sake rubutawa. Ungozomomi, ku ne kuke yin sa da tsakar dare, ku faɗa mini wanda ya zauna a bakinku.