Kano zuwa Jidda: awa nawa kuka yi a sama?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Zan raka Hajiyarmu Umara, ga shi ciwon gwiwa ba ya barinta zama wuri ɗaya na tsawon lokaci. A tikiti an rubuta tashi daga Kano ƙarfe 10 na dare, sauka Jidda 4:30 na asuba. Wato awa shida da rabi za ta yi a kujera? Waɗanda suka taɓa zuwa, don Allah ku ba mu labari.

Mai Shago: Wa alaikumus salam. Cire awa biyu, 'yar'uwa. Agogon Saudiyya ya riga namu da awa biyu, kuma lokacin sauka da agogonsu ake rubuta shi. Tsakanin Kano da Jidda kusan kilomita 3,400 ne. Ni a 2019 awa huɗu da rabi muka yi, na ci abinci, na ɗan rintsa, sai ga fitilun Bahar Maliya a ƙasa.

Alhajin Fagge: Mai Shago, naka zuwan kafin yaƙin Sudan ne. Mu alhazan 2023 sararin samaniyar Sudan a rufe yake, dole jirgi ya zagaya, muka haura awa shida. Ƙafafuna har kumbura suka yi. Hajiya, ki tambayi masu jirgin ta inda za su bi, kuma ki nema wa Baba kujerar bakin hanya don ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri, Alhaji. Ban ma san ana zaɓen kujera ba.

Bazazzagiya: Ni dai awannin sama ba su dame ni ba, na ƙasa ne suka gajiyar da ni. An ce mu hallara filin Malam Aminu Kano da la'asar, ba mu tashi ba sai bayan ƙarfe ɗaya na dare. Muka sauka, ga layin duba fasfo, ga jiran jaka, sannan motar Makka wadda ita ma ta ci fiye da awa ɗaya. Daga ƙofar gidana zuwa masauki, kusan kwana guda. Ki sa maganinta da dabino a jakar hannu, kada ki yarda su shiga babbar jaka.

Ɗan Damagaram: Mu ta Addis Ababa muka bi saboda sauƙin kuɗi, muka kwana kan benci muna jiran jirgi na biyu. Da tsohuwa, ban ba ki shawarar hakan ba.

Alhajin Fagge: Kakana ya tafi a ƙasa, ta Chadi da Sudan, yana tsayawa yin ƙodago don ya samu guzuri, ya tsallaka teku a jirgin ruwa. Sai da aka yaye yara biyu a gidan kafin ya dawo. Duk sanda na yi ƙorafin awa shidan nan, mahaifiyata kallona kawai take yi.

Maman Biyu: To na gode muku duka. Gobe zan je ofishinsu kan maganar kujerar, in tambayi keken marasa lafiya ma.