Wai rifitar waifai damfara ce?

Baban Hanif: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake, kuma zan faɗa ko da wani zai ji haushi: na'urar nan ta ƙara zangon waifai da ake kira rifita damfara ce tsagwaronta. Rauta, wato na'urar da ke raba waifai a gida, tana falona. A ƙarshen lambuna akwai ɗaki ciki da falo da na gyara wa ƙanena, yana karatu ta intanet, tsakani bai wuce mita 30 ba. Wani yaro mai haɗa irin waɗannan kaya ya ce in kawo N35,000 sabis zai cika ɗakin. Ya zo da wata 'yar farar aba mai kunne biyu, ya soka ta a soket ɗin ɗakin, ya nuna min sanda huɗu cif a waya, na sallame shi har da kuɗin mota. Ko awa ba a rufa ba ƙanen nawa ya zo ya ce bidiyo sai juyawa yake. Sanduna a cike, amma ko hoto ba ya buɗewa. Yau kwana 9 ina kiran yaron ba ya ɗauka. Ku ja kunnen 'yan'uwa.

Maman Iman: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Baban Hanif.

Ɗan Kura: Allah ya kyauta. Amma Alhaji tsaya, lambu fa ka ce? Gidan nan na san shi, na je sunan Hanif. Mangwaro biyu ne da gwaba ɗaya, sai darbejiyar maƙwabta da ta leƙo ta katanga. Yaushe ya zama lambu?

Baban Hanif: Malam, ana maganar kuɗina da aka ci kana maganar mangwaro?

Ɗan Kura: Ai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Lambu wurin da ake ban ruwa ne da rani, a fitar da tumatir da albasa da latas a kai kasuwa. Ka zo Kadawa ka ga yadda ruwan Tiga yake bin kwalbati, sai ka san abin da ake kira lambu. Naka bayan gida ne.

Bazazzagi: Bayan gida?! Subhanallahi. Ɗan Kura, ka san abin da ka rubuta kuwa? Ka ce ƙanen bawan Allah a bayan gida yake kwana yake karatu.

Ɗan Kura: Kai dai Bazazzagi ba a raba ka da neman magana. Bayan ginin gida nake nufi, kowa ya gane.

Bazazzagi: Ni ban gane ba. Hausar Kano ce, sai da tafinta.

Injiniya: Jama'a a bar wasa tukuna. Baban Hanif, amsar tana cikin maganarka: a soket ɗin ɗakin aka soka ta. Rifita ba ta ƙirƙirar intanet, abin da ta tsinta daga rauta shi take maimaitawa. In ka ajiye ta inda sabis ya riga ya mutu, ragowar da ta samu za ta watsa. Sanda huɗun da ka gani tsakanin wayarka ne da rifitar, ba tsakanin rifitar da falonka ba. Wurinta tsakiyar hanya, inda waya take kama rauta da ƙarfi. Kuma ko an sa ta daidai, irin mai araha da rediyo ɗaya take ji take kuma faɗa, don haka gudun yakan ragu kusan rabi. Bango nawa ne tsakani?

Baban Hanif: Bangon falo, bangon kicin, sai na ɗakin. Duk bulo inci 9 ne. Tankin ruwa ma yana kan hanyar.

Injiniya: To ka gani. Siminti da rodi suna cin sabis, ruwa ma yana shanye shi, har ɗanyen ganyen bishiya. Waifai iri biyu ne: na 2.4 ya fi ratsa bango da nisa, na 5 ya fi gudu amma ba ya jure katanga. Bango uku da tanki, ba na'urar N35,000 ba, ko ta fi haka za ta sha wuya.

Ɗan Kura: Kun ji ko? Ganyen bishiya. Da lambu ne na gaske, albasa ba ta kai gwiwa ba, me za ta tare?

Hajiya Babba: Ni a saninmu tun muna yara duk inda aka killace aka dasa itatuwan marmari lambu ne. Gidan kakanmu akwai na lemo da rumman, lambu ake ce masa, ba a taɓa shuka tumatir ko ɗaya a ciki ba.

Malamin Hausa: Hajiya ta fi kusa da gaskiya. Amma irin na cikin gida da ake yi don ƙawa da shan iska, gadina ake cewa.

Bazazzagi: Gadina ai Turanci ne aka lanƙwasa, Malam. Mu da muke neman Hausa.

Malamin Hausa: To mota da tebur da makanikin da ke gyara maka babur fa? Kalma in ta shiga bakin mutane ta zama tasu.

Ɗan Maraɗi: Wanga gardama taku ban dariya gare ta. Mu nan garka muke cewa, kuma ita ce Hausa ta asali. Ku can kun saki hanya tun da daɗewa.

Ɗan Kura: Garka daban, lambu daban. A duba ƙamus.

Malamin Hausa: Nawa yana ofis. Gobe in sha Allah zan ɗauko hoton shafin.

Bazazzagi: Haka ka ce lokacin rigimar kunu da koko. Har yau muna jiran hoton.

Baban Hanif: Don girman Allah ku kira shi duk abin da kuka ga dama. Ni sabis nake so ya kai ɗakin.

Admin: Alhaji, maganar ɗaya ce: ka ja kebul. Kebul ɗin intanet da ake kira Cat6 yana kai mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba, naka 30 ne kacal. A samu irin na waje mai baƙar riga, a zura shi a bututun roba, a binne, saboda rana da ɓera. A can ɗakin a sa tsohuwar rauta ta riƙa watsawa. Sai dai a kula, akwai kebul na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, arha gare shi amma saurin karyewa. Ka leƙo shago in nuna maka bambancin.

Maman Iman: Kasuwa ta buɗe.

Admin: Hajiya shawara na bayar, ban ce dole a wurina za a saya ba. Ga Farm Centre nan ga titin Beirut, ko'ina akwai.

Maman Iman: Ni ban kira suna ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Abu Sola: Ba sai an fasa ƙasa ba. Akwai 'yan na'urori biyu da ake sokawa a soket, intanet ya bi wayar wuta. Abokina a Kaduna da su yake aiki.

Injiniya: Suna aiki in ɗakunan kan layin wuta ɗaya suke. Baban Hanif, mitar ɗakin ɗaya ce da ta cikin gida?

Baban Hanif: Daban na sa masa. Cikin gida kuma kan inbata muke, shi ɗakin ba ya kai.

Injiniya: To a manta da wannan. Kebul ɗin Admin shi ya fi, amma a sani jan ƙarfe tsakanin gini biyu yana iya kwaso tsawa da damina ya ƙona rauta, shi ya sa wasu suke sa fayiba, ita gilashi ce, wuta ba ta bin ta. In ba a son tono, akwai na'urorin waje irin CPE510 na TP-Link ko NanoStation na Ubiquiti, ɗaya a jikin gida ɗaya a jikin ɗakin, suna kallon juna. Amma suna son fili tsakaninsu, ƙila sai an sassabe reshen mangwaro.

Hajiya Babba: A sare mangwaro saboda intanet? Wallahi da ni ce matar gidan ba za a taɓa ko ganye ba.

Maman Iman: Ni abin da ya tsaya min ma daban ne. Ka raba wa ƙanenka mita, ka hana shi inbata, in an ɗauke wuta kuna cikin fanka shi yana cikin duhu da sauro. Ko an kai masa waifai da me zai kunna rautar?

Baban Hanif: Maman Iman, wannan maganar cikin gida ce. Shi ya ce a raba, saboda yana da hita da dutsen guga.

Maman Iman: Ya ce, ko an sa shi ya ce?

Bazazzagi: Bakano da lissafi. Ƙila kalmar sirrin ma sai ya biya kuɗin wata.

Ɗan Kura: Kar ka zagi Kanawa a nan. Ku da kuke kiran kowane kango gida.

Abu Sola: Fanel ɗaya da ƙaramin batir sun ishi rauta da ƙwai biyu. Rauta ba ta cin wuta. Alhaji ka yi min magana ta gefe.

Admin: Ban yarda da talla a zaure ba, doka ce.

Abu Sola: Kai da ka ce a leƙo shago fa?

Ɗan Maraɗi: Har yanzu ba wanda ya kawo hujja cewa garka ba ita ce daidai ba.

Admin: Dare ya yi, zan rufe nan. Taƙaitawa ga waɗanda ba su bi ba: Baban Hanif ya sayi rifita ba ta yi masa aiki ba, kuma duk masana sun haɗu a kan cewa kebul ne kaɗai mafita, kamar yadda na faɗa tun farko, Injiniya ma ya tabbatar. Maganar soket da sola an ga ba su da tushe. Batun kalma kuwa, rinjaye yana wajen Ɗan Kura, lambu sai da ban ruwa, haka muke faɗa a Kano. Wasu sun so shigo da abin da bai shafe su ba na iyali, Allah ya shirye mu. Mai buƙatar kebul na gaske ya san inda zai same ni.

Injiniya: Ban ce shi kaɗai ba, Admin. Hanya uku na lissafa, kuma na yi maganar tsawa.

Hajiya Babba: Wane rinjaye? Mu biyu ne da Malam, shi Ɗan Kura shi kaɗai.

Baban Hanif: Yanzu na cire ta na mayar soket ɗin kicin kusa da taga. Ƙanena ya ce bidiyo yana tafiya, sai dai yana ɗan tsayawa. Amma ni dai har gobe yaron nan ya cuce ni.

Ɗan Kura: Tagar da ke kallon mangwaron, ko wadda ke kallon abin da kake kira lambu?