Jan haske a ido: magani ne ko ba magani ba?

Baban Khalifa: Jama'a, raina a ɓace yake. Turawa sun gano maganin ido da jan haske, minti 3 kacal, amma a nan Katsina an ce wa Baba sai an yi masa aikin yana. Don me ake ɓoye mana?

Malam na Ƙofar Marusa: Yaya, wa ya ce maka magani ne? Farfesa Glen Jeffery na jami'ar UCL a Landan ya gwada shi a 2020, kan mutum 24. Jan haske ne na musamman, mai tsawon zango nanomita 670, mai ƙara wa ƙwayoyin halittar bayan ido (shimfiɗar can cikin ido mai karɓar haske) kuzari. Waɗanda suka haura shekara 40 sun ɗan ƙara iya bambance launi. Bai cire wa kowa yana ba.

Baban Khalifa: Duk abin da ya gyara gani ai magani ne.

Maman Ummi: To tabarau ma magani ne ke nan?

Ɗan Daura: Kun cika girmama Bature. Kakata da kwalli ta tsufa, har ta rasu tana zura zare a allura.

Maman Ummi: Allah ya jiƙanta. Amma wani kwallin kasuwa da gubar dalma a ciki.

Ɗan Daura: Hajiya, kwallin iyayenmu ne guba? Dama ku Katsinawa ba ku ganin kowa da gashi.

Maman Ummi: Ƙanena, ni ban zagi Daura ba, can dangin mahaifiyata suke.

Malam: Don Allah mu dawo kan magana. A China an riƙa haska wa yara jan hasken lesa don rage matsalar hangen nesa, kuma a 2023 an ruwaito yarinya 'yar shekara 12 da bayan idonta ya samu rauni.

Ɗan Daura: Ta fara janye kalmar guba tukuna.

Shugaban zaure: Na rufe zancen nan. Malam ne kaɗai ya kawo hujja, Ɗan Daura kuma shi ya karkatar da mu. A 2024 hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta amince da wata na'urar haska ido mai suna Valeda, amma don wata lalurar tsakiyar bayan ido ce ta tsufa, kuma likita ke haskawa. Ba ta yana ba ce, ba ta hawan jinin ido ba. Kada kowa ya sayi jar tocilan a kasuwa ya dalla wa idonsa. Baban Khalifa, ka kai Baba a yi masa aikin, Allah ya ba shi lafiya.